Mita Ɗarin Rayyis Munji

Idan kana neman Rayyis Munji a tashar jiragen Mahdiya, kada ka wahalar da kanka da lambar waya. Wayar tana aljihunsa, amma ba jin ta yake ba. Fita cikin teku, ka ɗaura tsumma a kan filafili ka ɗaga sama. Kafin hannunka ya gaji za ka jiyo tsohon injinsa yana tari yana nufo ka.

Al'adar masunta ce tun kaka da kakanni. Wanda ya shiga matsala a ruwa ya ɗaga tsumma, wanda ya gani ya zo. Kowa na bin ta daidai gwargwado, Munji ne kaɗai ya mayar da ita sana'a. Shekara arba'in yana jawo jiragen mutane, har da waɗanda ba su nemi a jawo su ba. Ya taɓa barin ragarsa cike da kifi ya tafi ceton Si Jilani, abokinsa na ƙuruciya, ya tarar bawan Allah wandonsa kawai ya shanya. Kana tsammani ya ji kunya? Ina. Ya ɗaure jirginsa a jikin na Jilani, ya sha shayi kofi uku, ya kuma ba shi shawara kan yadda ake shanya wando.

A tudu ma haka yake. Ba ya iya magana da mutum sai ya dafa kafaɗarsa, idan ka ja baya taku ɗaya ya biyo ka taku biyu. Matarsa Mabruka takan ce ita ta daina shanya jan zani a saman bene, don kada ya baro teku ya zo tambayar abin da ya faru.

'Ya'yansa maza biyu sun guje wa ruwa, ɗaya yana tuƙa tasi a Susa, ɗaya yana koyarwa. Autar, Ulfa, ita teku ta kama. Tun tana 'yar mitsitsiya take gane ƙarar injin ubanta a cikin jirage talatin, ta ruga bakin gaɓa ba takalmi. Da ta girma ta koyi nutso, ta samu aiki a gonar kifi, wato manyan kejin nan da ake kiwon kifi a cikinsu a tsakiyar teku. Takan goya tukunyar iska, ta sa dogayen takalman iyo masu kama da ƙafar agwagwa, ta nutse ta ɗinke ragar kejin inda ta yage. Munji yana alfahari da ita har ya ishi mutane.

Ba wai ba ta faɗa masa zancen tutar masu nutso ba. Ta faɗa, ranar wata Juma'a, suna cin kuskus da kifi.

"Baba, ja ce, da farin layi a karkace. Idan ka gan ta a jirgi ko a kan balan-balan tana yawo a ruwa, akwai mutum a ƙarƙashi. Ka rage gudu, ka bar mata mita ɗari."

"Ni za ki koya wa teku, ya binti, 'yar cikina? Ina cikinta tun ba a haifi wanda ya koya miki ba."

"Ka dai ji ko?"

"Na ji. Miƙo min yajin can."

Yajin ya ji. Sauran zancen ya bi ta kunnen dama ya fice ta hagu.

Wata safiya a farkon bazara yana dawowa daga kamun kifi, sai ya hango ƙaramin jirgin roba a kusa da kejin, da wani jan ƙyalle yana kaɗawa a samansa. Bai tsaya yin tunani ba, hannunsa ne ya juya sitiyari. Mutumin da ke tsaron jirgin robar, abokin aikin Ulfa, ya miƙe tsaye yana kaɗa hannu bibbiyu, yana korar sa. Munji ya ce a ransa, kai, abin ya yi tsanani ke nan, dubi yadda yake kira. Ya ƙara wuta.

Sai ya ji wani abu ya bugi farfela, ƙas. Ya kashe inji. Wani guntun roba ruwan ɗorawa ya taso yana lilo a gefen jirginsa, a yanke kamar an sa wuƙa. Bayan ɗan lokaci kai ya ɓullo, hannu ya cire gilashin fuska, Munji ya ga idanun 'yarsa.

Ƙafarta lafiya. Tsakanin inda farfela ta yanke takalmin da yatsunta bai kai tafin hannu ba.

Ulfa ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta riƙe gefen jirgin robar tana haki, ta ce a hankali, "Na jiyo injinka tun daga nesa, Baba. Ina tasowa ne. A ƙasa ba ka sanin ta ina ƙara take zuwa, amma na san naka ne. Na ce Baba ne, zai tsaya."

Wannan maganar ita ta zauna masa a ƙirji. Ulfa ta yi mako uku ba ta shiga ruwa ba. Da ta koma, sai ta riƙa tambayar uwarta kowace safiya ko Baba ya fita, da kuma ta wane gefe ya bi. Mabruka ce ta kawo masa sauran labarin: an yi wa yarinyar tayin aiki a Tabarƙa, can arewa, tafiyar wuni guda a mota, kuma ƙarshen bazara za ta ba su amsa.

"Saboda ni?"

"A'a, saboda ni, Rayyis. Ni ce na bi ta kanta da jirgi."

Washegari ya je kasuwa ya sayo jan yadi da fari, ya dire a kan keken ɗinkin Mabruka. Ta ɗinka ƙananan tutoci sittin, tana ɗinki tana mita. Ya zuba su a kwando, ya ɗora guntun takalmin nan a sama, ya nufi gidan shayin tasha inda masu jirage ke zama.

Si Jilani, wanda yanzu ya bar kamun kifi yana yawo da baƙin bazara a jirgi mai gudun tsiya, shi ya fara tanka masa.

"Ikon Allah. Kai da ka kusa yanka 'yarka, kai za ka yi mana wa'azi?"

"Shi ya sa. Da waninku ne ya yi, da ni ma ina zaune ina dariya kamar ku." Ya ɗaga tuta ɗaya. "Mece ce wannan, Si Jilani?"

Jilani ya karkata kai, ya duba da kyau. "Ta masu ƙwallo ce."

Aka kwashe da dariya, amma da Munji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, cikin mutum goma sha ɗaya biyu ne suka sani. Ya aje guntun takalmin a tsakiyar tebur, tsakanin kofunan shayi, ya ce kowa ya sa hannu ya taɓa wurin yankan. Suka taɓa. Dariyar ta ragu.

Daga nan tasha ta shiga uku. Munji ya gano cewa kowa na cewa mita ɗari amma ba wanda ya san tsawonta, don haka ya auna da igiya: daga teburin ƙarshe na gidan shayi zuwa ƙofar gidan ƙanƙara. Duk wanda ya kama sai ya taka da shi, a cikin rana, hannunsa a kafaɗar mutum, yana bayani. Ba mai iya ƙi, don babu jirgi a tashar da Munji bai taɓa jawowa ba, ko shi ko na uban mai shi. Jilani sau huɗu ya taka, saboda kullum sai ya ce ya manta don ya tsokane shi, Munji kuwa ba ya gane tsokana a wannan zance. Ya ɗaura tuta a gefen sitiyarin kowa. Ya tare masu hayar babur ɗin ruwa, ya tare baƙi masu gajeren wando da ko Larabci ba sa ji, ya yi musu bayani da hannu da guntun takalmi. Manyan mutane masu furfura suka koyi zagayawa ta bayan rumfar kifi idan sun hango kwandon.

Ulfa tana jin duk wannan a gari. Amsar Tabarƙa kuma ba ta bayar ba.

A makon ƙarshe na Agusta, ƙarshen bazarar ƙasar ke nan, da hantsi, Munji yana dawowa ya hango jar tutar a kusa da keji na huɗu. Ya auna da ido, daga tebur zuwa gidan ƙanƙara, ya ƙara kaɗan, ya kashe inji. Jirgin ya tsaya yana lilo.

Can sai ga Jilani da baƙinsa, kiɗa na tashi, ya miƙo kai tsaye. Munji ya miƙe zai fara ihu, sai ya ga jirgin ya rage gudu da kansa, ya yi wani ƙaton zagaye. Jilani ya sa hannu a baki ya ƙwala masa, "Ɗari da ashirin, Rayyis! Zo ka auna!"

Aka bar shi shi kaɗai da jira, abin da bai taɓa iyawa ba. Minti goma. Minti ashirin. Ya ga mai tsaron jirgin robar ya duba agogo, ya leƙa ruwa, ya sake duba agogo. Duk jikinsa cewa yake je ka, shekara arba'in abin da ya sani ke nan. Sau uku hannunsa yana kai wa mukullin inji. A na ukun ya zare mukullin ya jefa cikin kwandon tutoci, ya zauna a kan hannuwansa kamar wanda aka hora, yana salati yana neman kumfar numfashin mai nutso da ba ya iya gani daga nan.

Kai ya ɓullo, Ulfa ce. Ta hau jirgin robar, ta sauke tukunyar iska, ta juyo ta daɗe tana kallon inda yake. Sannan ta sauke jar tutar ta naɗe. Ya ga ta sunkuya ta ɗauko wani abu. Tawul ne, ta ɗaura a kan filafili, ta ɗaga sama.

Munji ya laluba kwando ya samo mukullin, ya riƙe shi, ya mayar da shi cikin kwandon. Ya jawo filafilan da suka shekara goma ba su taɓa ruwa ba, ya fara tuƙi da hannu. Jirgin katako ne mai nauyi, ga kifi, ga shekaru sittin da bakwai. Mita ɗarin nan ta ci masa kusan rubu'in awa, ya iso jiƙe sharkaf, numfashi sama-sama.

"Baba, ai na sauke tutar. Kana iya tayar da inji."

"Na sani."

Ta miƙa masa shayi a murfin fulas. "Shayin ya huce."

Ya karɓa ya riƙe.

"Na jiyo ka a ƙasa," in ji ta. "Na ƙanƙame raga, na kasa motsi. Sai na ji ƙarar ta mutu, can nesa. Ban taɓa jin ka yi shiru haka ba." Ta goge fuskarta da gefen tawul ɗin. "Ranar Litinin za mu fara canza ragar keji na shida. Aikin wata uku ne, na ce ni zan yi. Za ka riƙa wucewa ta nan?"

Munji ya dubi 'yarsa. Hannunsa ya tashi zai dafa kafaɗarta, ta kawo kafaɗar da kanta. Da ɗaya hannun, mai riƙe da shayin, ya nuna can inda ya baro.

"Ta can zan riƙa wucewa," ya ce.