Ciwon Karen Don Cipriano

Shekara saba'in da ɗaya Don Cipriano Valdovinos ya yi a garin Tepatitlán, ba wanda ya taɓa ganin hawayensa. Mai ɗinkin sirdi ne, gashin bakinsa kamar tsintsiya. Ranar da bijimi ya karya masa ƙafa, sigari kawai ya nema. A wurinsa namiji ba ya kuka, ba ya zuwa asibiti, kuma idan ka tambaye shi lafiya ka zage shi.

Da matarsa Eulalia ta rasu, ya koma shago washegari. 'Yarsa Amparo ta yi ta roƙo ya riƙa zuwa gidanta cin abinci, don ta ga yana ƙarewa a tsaye.

"Ni kike tausayi? Je ki ji da mijinki!"

Wata uku bayan haka ya ja karensa Coronel zuwa wurin likitar dabbobi, Dakta Itzel, wadda ta yi makaranta da Amparo.

"Yarinya, duba min wannan raggon. Ba ya ci, ba ya barci."

Dakta Itzel ta kalli Coronel. Kare ya yi ƙiba har da ƙyar ya hau teburi, ga romon wake a gemunsa. Ta kalli Don Cipriano, wanda ya huda sababbin ramuka biyu a bel ɗinsa. Ba sai an gaya mata inda abincin gidan ke tafiya ba.

"Sai kuma me, Don Cipriano?"

"Yana zama yana kallon kujerar marigayiya. Ko ƙofa ta motsa, sai ya ɗaga kai. Kare da girmansa, abin kunya!"

Coronel ya yi hamma, ya kwanta abinsa.

Ta ɗauki biro ta rubuta magani: kullum da rana a kai karen gidan Amparo, a ci abinci tare. Kuma dole mai shi ya zauna, don kada kare ya ji baƙunta.

Don Cipriano ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce saboda dabbar zai daure. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, yana murza bakin hularsa. Bai juyo ba.

"Dakta... to idan ya fashe da kuka a gaban yara fa?"

"Ku bar shi ya yi. Shekara nawa ya yi da ita?"

"Arba'in da shida," in ji Don Cipriano.

Coronel kuwa bana ya cika shekara biyar.