Ƙafar Gwaggo

Ina 'yar sakandare a Rogo, na fi duk 'yan ajinmu ƙiba. Ban taɓa damuwa ba, domin kullum kakata takan ce, "Jikin gidanmu ne, haka Allah ya yi mu." Sai in ci ƙosai da safe, in sha lemon kwalba a hanyar makaranta, in dawo in zauna gaban tuwo.

Wata rana ni da kakata muka shiga mota zuwa Yammedi duba gwaggona, wadda kowa ke cewa ita na ɗebo. Ciwon sukari ya ci ƙafarta, har likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Ta janye zani na ga dungulmin. Aka kawo mana fura ta sha sukari, na kasa ɗaga ludayin.

"Sha mana, 'yar nan," in ji kakata. "Abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi."

Gwaggo ta dube ni, sannan ta ce wa kakata a hankali, "Inna, ni ma haka na faɗa ranar da likita ya hana ni zaƙi."

A hanyar komawa na ƙanƙame gwiwoyina, na rasa maganar wa zan kama. Daga ranar na daina shan lemo, kakata tana ta yi mini dariya. Amma har yau, in ɗan yatsan ƙafata ya yi tsami, sai gabana ya faɗi.