Yatsun Kyarkeci

Maƙwabcinmu a Gesse yana ɗaure karensa a gindin tankin ruwa. Duk lokacin da sarƙar ta ja a kan siminti, sai in tsinci kaina a Argungu, bayan rumbun kakana, cikin warin albasar da aka baza a inuwa. Zan ba ka labarin yadda na san shi, inda kuma ban tabbata ba zan gaya maka.

Shekaruna goma ne ko sha ɗaya. Na tambayi mahaifiyata sau biyu, ta ba ni amsa biyu. Rani ne, ruwa ya janye daga fadama, ƙasa ta tsattsage. Kawuna ya dawo daga gona da ɗan dila a cikin hularsa, idonsa bai gama buɗewa ba. Kakana manomi ne, amma ya yi farauta da ƙuruciya, kuma har ya tsufa bai rabu da karnuka ba. Karyarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, sai ya tura ɗan dilan cikin 'ya'yanta. Ta shinshina shi, ta bar shi ya sha.

Nono ɗaya suka sha, hannu ɗaya ya ciyar da su. Da suka yi wayo, wata rana da hantsi kakana ya kira ni. Ya kifa tsohon akushi a kan ƙashi, ya danne da dutse. Kwikwiyo ya yi ta tono, da ya gaji sai ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi fuskar tsohon. Dila kuwa ya yi ta kartar akushin har farcensa ya yi jini, bai dubi kowa ba.

"Ka gani?" in ji kakana. "Wanga ya san da mutum. Wancan bai san muna nan ba, kuma ba shi da laihi."

Bayan dilan ya kashe kaji biyu aka sa masa sarƙa. Ya yi ta zagaya turke har ƙasa ta yi kwari daidai tsawon sarƙar. Ban san ƙarshensa ba. Kawuna ya ce an sake shi da ruwan farko. Mahaifiyata ta ce a turken ya mutu.

A shekarata ta farko a jami'a, inda na karanta ilimin dabbobi, aka koya mana cewa kare ya samo asali ne daga wata dabbar dawa ta ƙasashen sanyi, kuma masu bincike suna rainon 'ya'yan dabbobin biyu don su ga inda halinsu ya rabu. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke dubawa shi ne wanda zai waiwayi mutum idan abu ya gagare shi. Na tuna akushin, na ji daɗi ƙwarai. Na duba yadda ake kiran dabbar da Hausa, na ga ko'ina kyarkeci ake rubutawa, na riƙe.

Da hutu na sami kakana a zaure bayan la'asar, tare da abokansa uku. Na gaishe su, na zauna a bakin tabarma, na ce, "Kaka, ashe kyarkeci ne uban kare."

"Kyarkeci dai? Kai ɗan boko, ka taɓa ganin shi?"

"Na gani a littafi."

"Ni da ido na gan shi, garke guda, tun ban yi aure ba. Kunne nai faɗi kamar faifai, jiki dabbare-dabbare. Yatsu huɗu gare shi ga ƙafar gaba. Tashi ka ƙidaya na karen ga, biyar za ka iske. Wane irin uba ne ɗa ka fi shi yatsa?"

Da na tashi na ƙidaya, da ban rubuta wannan ba. Maimakon haka sai na ce, cikin ladabin da ya fi rashin kunya ciwo, "Kaka, masana sun auna ƙwayoyin halitta. Ba a gardama da wannan."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi dariya ya ce wa kakana, "To Malam, miƙa mai kwari da baka, ga sabon sarkin daji mun samu." Sauran suka taya shi. Kakana, wanda bai taɓa barin jika ya yi masa ba'a bai rama ba, sai kawai ya ce a miƙo masa buta.

Sai a shekarar ƙarshe na ga hoton wata dabba ta dajin Afirka: kunnuwa masu faɗi, jiki dabbare-dabbare, a ƙasan hoton an rubuta cewa yatsu huɗu gare ta a ƙafar gaba. Ita ce kyarkeci, kuma ba ita ce asalin kare ba. Dangantakarsu da nisa. Dabbar ƙasashen sanyin ba ta taɓa zama a ƙasarmu ba, don haka kakanninmu ba su raɗa mata suna ba, masu fassara suka ara mata na wata. Masanan ba su yi kuskure ba. Kakana ma bai yi ba.

Na tafi Argungu a makon. Na tarar kunnensa ya yi nauyi, biyu daga cikin abokan nan sun rasu, na ukun ya koma wurin 'yarsa a wani gari. Na durƙusa kusa da kunnensa na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Kaka, maganar kyarkeci, kai ne da gaskiya. Ka yafe mini."

"Wane kyarkeci? Ai sun ƙare tun ba a haifi ubanka ba. Ka ci abinci?"

Na maimaita, ya sake tambayata abinci. A gaban mutum uku na ƙaryata shi, ga shi babu ko ɗaya da zan gyara a gabansa, shi kansa ma ya manta.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Badariya. Littafin da Turanci yake, bayanin kuwa sai na haɗa da Hausa, kuma duk shekara darasin asalin kare yana zuwa. Ɗalibaina ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin dabbobin biyu ba. A wurinsu kyarkeci shi ne mai furfurar gashin nan da suke gani a waya yana kuka cikin ƙanƙara. Idan na guji kalmar, ba sa gane ni. Idan na faɗe ta, na sake zama a bakin tabarmar nan. Nakan zana ƙafa biyu a allo, in ba su labarin kakana, in cinye rabin darasi, su kuma su kwafi abin da suka saba.

A wannan zangon wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tunda wancan ya karɓe sunan, shi namu ɗin yaya za mu kira shi?"

Na ce mata zan bincika. Ta sake tambayata sau biyu, kuma jibi ina da ajinsu.