Tsakuwar Sarina

Hajiya Mujahida Mahadi Gaya ta rasu a unguwar Ka'akiyya ta Makka ranar sha ɗaya ga Rajab, 1445. Maƙwabciyata ce, kuma daga bakinta na ji wannan tarihi.

Iyayenta sun baro Kano a ƙasa da niyyar aikin hajji, guzuri ya yanke musu a Khartum. Can aka haife ta, a bayan majami'ar Yahudawa. Ta ce a zamanin, ranar Asabar titin cika yake da masu zuwa ibada. Da yake addininsu ya hana su kunna wuta a ranar, ita ke kunna musu fitila. Ba sa cewa ta kunna. Sai dai ƙawarta Sarina, 'yar mai kula da majami'ar, ta leƙo ta katanga ta ce ɗaki ya yi duhu. Mujahida takan ce ita dai tana gani sarai, sai ta ja mata rai sannan ta tashi.

Sannu a hankali jama'ar ta watse, har aka daina samun maza goman da ibadarsu take bukata. Da tafiyar su Sarina ta zo, ta kai Mujahida kabarin mahaifiyar ita Sarinar, ta ɗora tsakuwa a kai bisa al'adarsu.

"Guda ɗaya duk shekara, 'yar'uwa. Kada ta zaci an manta da ita."

Mujahida ta cika alkawari har mijinta ya kawo ta Makka, suka zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. In ta fita ba dawowa, ga 'ya'ya a nan. Da wani alhaji ya gaya mata an rushe majami'ar, maƙabartar ta tambaya. Bai sani ba.

Ta shekara da shekaru tana sayar da abinci a Mina, cikin tsakuwa, ba ta ɗauki ko ɗaya ba, domin dutsen Harami ba a fitar da shi. Da tsufa ya kama ta, ta sa jikarta Shaima ta kai ta bayan iyakar Harami, ta zaɓo wata fara.

"Kaka, duk wannan tafiya don hajar guda?"

"Ke da ko tsakuwa ba ki iya faɗa ba, ja motarki."

Tana cikin neman ɗan Khartum mai amana da zai kai mata, yaƙi ya ɓarke a can. Tsakuwar tana nan a bakin tagarta, Shaima ta hana a share wurin.