Na ɗora kiɗan jita a kan muryar Yaya

Har yau gefen yatsuna biyu na hannun dama ya fi sauran tauri, ko da yake na fi shekara arba'in rabona da jita. Jikokina sun ɗauka alli ne ya yi mini haka, saboda aikin koyarwa. Ina barinsu a haka.

Jitar bes ce, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta waƙa, gurnani kawai take yi a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa. Na same ta wajen wani tsohon soja, mutumin Karai-Karai, da ya buɗe rumfar gyaran rediyo a bakin hanyar Kano. Ya yi kiɗa a barikin soja, ya dawo gida da ita a nannaɗe cikin bargo. Ni kuwa lokacin sabon malamin firamare ne a Potiskum, ga ƙuruciya, ga la'asar mai tsawo da ba ni da abin yi da ita. Gidanmu a unguwar Hausari ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinmu, Baffa, dillalin shanu ne, Bafulatanin da ya zauna gari, kuma da ya ji labari cewa ya yi in dai ba zan je bakin kasuwa ina yi wa mutane roƙo ba, in ƙarata can ni da haukata.

Tsohon sojan ba ya da haƙuri. Ranar farko na kama tsirkiya da babban yatsa ina fizga, ya buge mini hannu.

"Ticha, wannan ba gurmi ba ne. Yatsa biyu. Wannan ya tafi, wancan ya dawo, kamar kana tafiya kasuwa."

Wata uku ina wannan tafiya kasuwar. Ya koya mini in jingina babban yatsa a sama, in ja tsirkiya a hankali, in kuma danne wadda ba na so da gefen hannu don kada ta yi ta surutu. Dannewar ta fi bugawar wuya. Yatsuna suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta. Ya haɗa mini lasifika daga cikin wata matacciyar rediyo, muka jona da batirin mota, sai ga ɗakina yana rawa, ƙasa tana zubowa daga azara.

Ban taɓa ƙirƙirar waƙa ba, kuma ban taɓa sha'awa ba. Daɗina shi ne in ɗora faifai a garmaho, in rage ƙarar gurnanin mai jitarsu, in shiga gurbinsa, in naɗa a rakoda, sannan in zauna ni kaɗai in ji kaina cikin manyan makaɗan Kwango da na kudu waɗanda ba su san da ni a duniya ba. Naɗin da wahala. Ranar kasuwa ba a ma farawa, shanu na wucewa ta bayan katanga, manyan motoci na ta ƙugi. Babbar matsalar kuwa kaset. A shekarun nan sai wanda ya je Kano ko alhazai ke kawo shi. Nawa uku ne, na naɗa a kansu na share har suka fara jan murya.

Akwai na huɗu a gidan, amma ba nawa ba ne. Yayana, ɗan farin Inna, ya bi hanyar gabas ta ƙasa zai je aikin hajji tun ina makarantar midil, ya maƙale a Sudan, bai dawo ba. Shekara da shekaru sai 'yar takardar ajami. Rannan wani alhaji ya zo da kaset a ɗaure cikin hankici, ya ce saƙo ne daga bakinsa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kira maƙwabta, na danna. Yaya ya gaida Baffa, ya gaida kawunnai da goggonni ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shanu, ya tambayi rijiyar ƙofar gida. Baffa na ta amsawa da ƙarfi kamar yana jinsa. Wannan kaset shi ne kaɗai wurin da muryar Yaya take a ƙasar nan.

Inna kuwa, da jin sallamarsa, ta miƙe ta shige madafa. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar labarinsa, ba ta zama inda ake zancensa. "Wancan" take ce masa, in ta kama dole. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Amma sanin al'ada daban, hankali daban. Na ga ta tashi, na ga wata biyu sun wuce ba ta ce a sake sa mata ba, sai na yanke a raina cewa kowa ya gama da kaset ɗin. Sai daga baya na tuna cewa daka ta shiga yi a ranar, kuma tun daga farkon saƙon har ƙarshensa ban ji saukar taɓarya ko sau ɗaya ba.

Yaya ya yi magana a gefe ɗaya ne, ya bar ɗayan don a mayar masa da amsa. Baffa ya yi ta cewa sai an tara dangi. Na fara naɗa kiɗana a gefen da ya bari, ina cewa ai ranar amsa sai a share. Ya cika.

Akwai wata waƙa da ta hana ni sakat, jitarta tana gudu tana tsalle daga tsirkiya ta farko zuwa ta uku, na yi wata biyar tana kayar da ni. Wata la'asar, gari ya yi tsit bayan ruwa, yatsuna suka kama ta. Na ji a jikina in ban naɗa a lokacin ba, ta tafi. Na juya kaset ɗin Yaya, maɓallin naɗi ya ƙi dannuwa, don ya ɓalle ɗan haƙorin da ke hana sharewa. Ba zan ce kuskuren hannu ba ne. Na yagi takarda daga littafin wani ɗalibi, na dunƙule, na toshe ramin, na danna. Na maimaita waƙar sau shida ko bakwai don in zaɓi mafi kyau. Da na kai wa tsohon sojan ya ji, ya ce, "Yanzu ka zama mutum, Ticha." Na kwana ina jin daɗi.

Bayan kaka wani falke ya kawo labarin rasuwar Yaya. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, an binne shi tun kafin azumi. Inna ta zauna cikin mata tana amsa gaisuwa ido a bushe, har wasu na yaba mata dauriya. Ni na kasa haɗa ido da ita.

Washegarin sadakar bakwai, bayan azahar, mutane sun ragu, na ga inuwarta a ƙofar ɗakina. Ba ta taɓa zuwa nan ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta juya mini gefe.

"Auta, abin nan da baƙon nan ya kawo bara, yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"Sa mini."

Na buɗe baki in faɗa mata, maganar ta ƙi fita. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na sa, na danna. Gangunan Kwango suka tashi, jitata na bin su tana tsalle, tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Inna ba ta ɗago ba. Ta ɗauka haka na'urar take farawa, sai ta jira. Waƙar ta ƙare, ta sake tashi, ta ƙare, ta sake tashi. Ban taɓa ƙin wani sauti a duniya kamar yadda na ƙi hannuna a ranar ba.

Can wajen ƙarshe aka ji ƙas, inda na tsayar da naɗi. Sai iska, sai kukan wani zakara na ƙasar da ba mu sani ba, sai Yaya, yana tambayar wani da ke kusa da shi: "Shi ke nan ya ƙare? Nan zan danna?"

Iyakar abin da ya rage ke nan.

Inna ta ce, "Gurnanin nan na baya, kai ne?"

"Ni ne, Inna."

Na jira ta zage ni, wallahi da na fi so. Ta gyara mayafinta kawai.

"Mayar da na ƙarshen."

Na mayar. Ta ce in sake, na sake. Ban san sau nawa ba, har aka kira la'asar ba mu tashi ba, har batir ya yi sanyi, muryar Yaya ta fara ja, tana nauyi, kalmomin na fita da ƙyar. Na kai hannu zan sake mayarwa, ta riƙe mini yatsu.

"Bar shi haka," in ji ta. "Ya gaji."