Ranar da Mama ta shigo da gawa a Keke

Shekarun baya can, ina sakandare, muna zaune a unguwar Television. Mahaifiyata malama ce a makarantar koyon aikin jinya, kuma a lokacin nan aikin ya ishe ta. Kullum ta dawo sai ta cillar da jaka ta ce, "Ni kam ƙarshen wata zan ajiye. Yaran da na koyar duk sun tsallaka waje, ni ina nan ina shaƙar alli." Har ta fara neman shagon atamfa.

Wata Juma'a sai ga ta a Keke mai ƙafa uku da mutum-mutumin da ɗalibai ke gwaji a kansa, girman mutum sak. Hannunsa ya ɓalle, makaranta ta ƙi gyarawa, Mama ta ce ita za ta ɗinke. Ta naɗe shi da farin zanin gado, ta ce in kama ƙafafu. Ni da rawar kai, muna shiga get na yi tuntuɓe, hannun ya faɗo ƙasa tim.

Maƙwabciyarmu ta ɗora hannu a ka. "Yesu! Kaka ta tafi!" Dama kakata na kwance ba lafiya. Ba ta ko tsaya jin bayani ba, ta zura a guje.

Kafin mu sha ruwa, matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da waƙa, wata har ta fara jera kujeru. Can sai kakata ta leƙo ta taga: "Wa ya mutu ba a gaya min ba?"

Jama'a, ranar na ga tsofaffi na tsallake kujera.

Da ƙura ta lafa, Mama ta yaye zanin, aka yi ta dariya. Sai wata mata ta ce a hankali, "Malama, maigidana ɓarin jikinsa ya shanye, bayansa duk gyambo. Da wannan kuke koyon juya mara lafiya?"

Shi ke nan Mama ta ɗaure ɗankwali. Tunda mutumin nata ba hannu, ni aka shimfiɗe a tabarma.

"A'a, Maman yara, da gwiwa ake durƙusawa, kar ki karya bayanki! Filo a tsakanin ƙafafu. Sake!"

Haka suka yi ta juya ni kamar waina a tanda har la'asar.

Da suka watse tana ɗinki, na ce, "Mama, shagon fa?"

"Wane shago? Miƙo min zare. Ka ga yadda matar nan ta gane nan take?"

Daga tabarmar nan na kamu da son taimakon gaggawa, na yi ta koyo da kaina a waya, shi ya sa nake damun ku da shi kullum. Abin da na gane shi ne, Mama ba koyarwa ta gaji da ita ba, ta daɗe ne ba ta ga inda koyarwar ke sauka ba. Har yau tana ajin, har yau tana mita. Matar nan kuwa, gyambon bayan mijinta ya warke tas.