Fayil ɗin da Na Haɗa wa 'Yata

Ni akawun rajista ne, ko in ce na kasance, don na daɗe da ajiye aiki. Karatuna bai wuce firamare ba. Da masinja na fara a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Legas, ina kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, har aka lura ina da natsuwa aka ba ni kujera a ɗakin karɓar wasiƙu. Aikin ɗakin bai da wuya, amma yana da ƙa'ida. Duk wasiƙar da ta shigo sai ka farke ta da wuƙa, ka buga mata hatimin ranar da ta iso, ka huda kusurwarta ta hagu, ka zura igiya, sannan ka rubuta lambar shafi da jan biro. Takardar da ba a yi wa haka ba, a wurinmu ba ta zama takarda ba tukuna.

Da aka ce ma'aikatu su tattara su dawo Abuja, ni aka haɗa da motar da ta ɗauko fayilolinmu. Mun iso mun tarar da jar ƙasa da katafila da gine-ginen da ba a gama ba. Gidajen ma'aikata ba su kai kan irinmu ƙanana ba, sai na sami ɗaki biyu a Kuje, a gidan wani tsohon hedimasta, ɗan Gbagyi, Kirista, wanda ya bar alli ya koma noman doya. Oga Rajista yake kirana. Kullum ina idar da sallar asuba sai bakin titi, in nemi motar cikin gari.

Babbar 'yata ta riga ta gama digiri a kan ilimin ƙasar noma a wata jami'a a Arewa. Bayan bautar ƙasa ta dawo gabanmu, tana koyarwa a wata sakandare a nan Kuje. Ba ta da yawan magana. Wata rana ta ce mini ta ga sanarwar wata jami'a a Kanada da ke ɗaukar ɗalibai daga wasu ƙasashe su yi digiri na biyu, har da tallafin karatu, tana so ta gwada. Na ce ta gwada mana. Unguwarmu ba sunan titi, ba lambar gida, don haka da jakar wasiƙun ofishinmu ta yi amfani. Fom ɗin a hannuna ya faɗo, ni na kawo mata shi gida.

Abubuwan da suka nema ba su da yawa: hoto, da bayanin dalilin da ya sa take son karatun, da sakamakon jarrabawarta daga jami'a, da wasiƙun shaida daga malamanta biyu. Bayanin ta rubuta shi a kan gonakin mai gidanmu, yadda doya ke ƙanƙancewa tun da gari ya fara cin filaye aka daina barin gona ta huta. Da aka yi hutun makaranta ta tafi jami'arsu, ta yi mako guda tana bin ofisoshi, ta dawo da ambulan uku a liƙe, kowane da sa hannu da hatimi a kan bakinsa.

Wata Litinin da safe, bayan an koma makaranta, ta miƙo mini babban ambulan mai ruwan ƙasa, komai na ciki, ta ce in kai babban gidan waya na cikin gari a yi masa rajista. Ta ce ƙananan ukun nan kada a buɗe su, haka ake so su isa. Na ji ta sarai, ba zan ce ban ji ba. Amma a raina na ce yarinya ce, a kan takarda kuwa ba wanda zai ba ni darasi.

Da na isa ofis na zazzage ambulan ɗin a kan tebur. Takardu warwatse, ba lamba, ba igiya, wasu a rufe. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce Turawa za su buɗe wannan su ce daga gidan da ba tsari ya fito. Na ɗauko wuƙata na farke ukun nan. Na buga wa kowace takarda hatimi, na huda, na zura sabuwar igiya, na bi su da jan biro tun daga ɗaya har sha huɗu. Na sami sabon bangon fayil na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. Ban taɓa haɗa fayil mai kyan wannan ba, ko na minista.

Na kuma karanta wasiƙun. Ɗaya daga cikin malaman farfesa ne, ya rubuta cewa ya daɗe bai ga ɗaliba mai haƙurin awo da sake awo kamarta ba, kuma ba ta rubuta abin da ba ta gani da idonta ba. Sau uku na karanta. Na kira abokan aikina na karanta musu da ƙarfi, har da masinjoji. Ban kai gidan waya ranar ba, don ina so ta ga aikin ubanta kafin ya tafi.

Na iso gida gab da magariba, tana tsakar gida tana duba littattafan ɗalibanta. Na ajiye mata fayil ɗin a cinya ina murmushi. Ta buɗe, ta juya shafi ɗaya, ta juya na biyu, ta tsaya a kan wasiƙar farfesa tana kallon hudar da na yi.

“Baba, ina ambulan ɗin?”

Na ce suna kwandon shara, me za a yi da su. Ta ce, a hankali, ai sun rubuta cewa duk wasiƙar da ta iso a buɗe ba za su karɓa ba.

A nan ne na yi abin da ya fi farke ambulan muni. Na ɗaga murya. Na ce tun ba a haife ta ba nake riƙe wasiƙun gwamnati. Na ce digiri ya hau mata kai har tana ganin za ta koya wa ubanta aikinsa, kuma in wannan ne ilimin, gara ta zauna a gida. A gaban uwarta da ƙannenta na faɗi haka. Ta ce in yi haƙuri, ta kwashe littattafanta ta shiga ɗaki. Uwarta ta ajiye mini tuwo ta koma madafa.

Kwana uku na yi ina kumbura. Fayil ɗin yana kan akwatina, ban aika ba, ban kuma yarda na yi kuskure ba. A rana ta huɗu mai gidanmu ya kira ni gindin mangwaro, inda yake ware irin doya. Ashe uwar yaran ce ta kai masa fom ɗin. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta mini layin da yatsa a kai, ya fassara da Hausarsa.

“Oga Rajista, wannan yarinya ya fi mu gaskiya.”

Ya ce in tuna takardun jarrabawa da ake kawo musu makaranta a liƙe, duk ƙunshin da aka samu a buɗe ya mutu ke nan. Ya ce mutanen can ba su taɓa ganinta ba, ba su san farfesa ba, bakin ambulan ɗin nan shi ne kaɗai shaidarsu cewa ba a gida aka zauna aka rubuta yabon ba. Sai ya kwashe da dariya, ya ce in suka ga rami da jan biro za su ɗauka ni ne farfesan. Ni ban yi dariya ba. Na tambaye shi saura kwana nawa a rufe karɓa. Ya duba, ya ce in an yi sauri wataƙila.

Ta so ta koma da kanta, amma ɗalibanta na tsakiyar jarrabawa. Na ce ni na ɓata, ni zan je. Na nemi hutu a ofis, na bi ta Zuba na shiga motar Arewa.

A ofishin jarrabawa na jami'ar na tarar da akawu irina, sa'ana. Da na nuna masa fayil ɗin na gaya masa abin da ya faru, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗaga igiyar ya duba ƙullin ya ce, wallahi dai an iya aiki. Cikin kwana biyu ya fitar mini da sabon sakamako a liƙe. Ɗaya malamin ma bai ba ni wahala ba. Farfesa ne ba ya nan. An ce ya tafi gonar bincike can cikin daji, kwana biyu kafin isowata. Na lissafa a raina, da ban yi kwana ukun nan ina fushi ba da na same shi a ofis.

Kwana tara na jira shi, ina kwana gidan wani ɗan garinmu, da safe in je in zauna a benci a ƙofar ofishinsa. Da ya dawo, rana ta ƙona shi, takalmansa duk laka, na gaishe shi na faɗa masa gaskiya ban rage komai ba. Ya tambaye ni ko na karanta wasiƙar. Na ce sau uku, har na karanta wa abokan aiki. Bai yi dariya ba. Ya ce ba ni ya rubuta wa ba, kuma ba a gaya wa uba irin wannan magana don kada ya lalata yaro da ita. Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya sa aka buga sabuwa, ya liƙe a gabana, ya ja sa hannunsa a kan bakin ambulan ɗin.

“Malam, wannan ka bar wa masu ita.”

Har yau ban san abin da ke cikinta ba. Daga tasha ban biya gida ba, gidan waya na wuce.

Amsa ta zo bayan makonni, siririn ambulan. Na kawo mata shi yadda ya zo. Sun ce takardunta sun iso bayan an rufe karɓa, amma za su ajiye su a duba su da na baɗi. Ta karanta, ta ninke, ta tashi ta ci gaba da wanke-wanke. Shekara guda ke nan na ci mata. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ni kuma ban iya buɗe baki na nemi gafara ba. Sai dai in sayo mata biro, in sayo mata fitila, tana karɓa tana godiya.

Shekarar ba ta zauna haka nan ba. Duk Asabar tana bin mai gidanmu gonakinsa da na 'yan'uwansa, tana ɗibar ƙasa a kwalabe, tana rubuta inda ta ɗebo da abin da aka shuka a wurin. Ƙarƙashin gadonta ya cika da kwalabe har uwarta na mita. Ta sake rubuta bayaninta da abin da ta gano, ta aika musu, wannan karon da kanta ta je gidan waya.

Damina ta zagayo sai ga ambulan mai kauri. A tsakar gida ta buɗe, muna tsaye. Sun ɗauke ta, da tallafi cikakke. Matar mai gidanmu ta rangaɗa guɗa, shi kuma ya sa aka kawo doya manya guda biyar, ya ce wa uwar yaran a daka sakwara, 'yarsa ya ci Kanada. Washegari ba ofishin da ban leƙa ba a ma'aikatarmu. Na gaya wa direbobi, na gaya wa masu gadi, na gaya wa mai sayar da rake a bakin ƙofa. 'Yar akawun da bai wuce firamare ba, mutanen da ba su taɓa ganinta ba sun karanta aikinta sun ce ta zo.

Ta Kano ta tashi, ni na raka ta. Muna zaune a filin jirgi, fasfo da biza a hannunta, na ga in ban yi magana yanzu ba ba zan sake yi ba. Na ce mata na ci mata shekara, ta yafe mini. Ta sauko daga kujera ta durƙusa, mutane na wucewa suna kallonmu.

“Baba, shekarar ba ta dame ni ba, na yi aiki da ita. Maganar da ka faɗa a gaban ƙannena ce ta yi mini ciwo. Amma na yafe tuntuni.”

Ban san tana iya faɗa mini magana haka ido da ido ba, ban kuma ji haushi ba. Na ce a raina wannan ba wanda zai taka ta a ƙasar mutane. Na sa mata albarka. Na tsaya ina kallo ta miƙa takardunta ga jami'in bakin ƙofa, ya duba, ya ɗaga kai ya dube ta, ya ba ta hanya.

Da na dawo Kuje na tara ƙannenta a tsakar gida. Na ce musu abin da na faɗa wa yayarsu ranar nan ba gaskiya ba ne, ita ce ke da gaskiya, ilimi bai hau mata kai ba, ni ne girman kai ya hau. Suka sunkuyar da kai suna satar kallon juna. Uwarsu tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ai su tun ranar suka sani, ni kaɗai ake jira.

Ta yi digiri na biyu, ta zarce na uku, ta dawo gida tana aikinta a kan ƙasar noma. Tsofaffin unguwarmu yanzu Baban Dakta suke kirana, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi.